Gashin Tattabara a Injin Jirgi

Da ƙarfe biyu na rana aka zaro gashin tsuntsu daga cikin injin jirgi mai lamba biyu. Kafin ƙarfe uku, kowa a filin jirgin ya gama yanke wa Maharbi hukunci.

Maharbi ake kiransa, ko da yake rabonsa da harbin abu mai rai ya fi shekara ashirin. Aikinsa korar tsuntsaye daga titin da jirage ke tashi da sauka. Kayan aikinsa tsohuwar mota, da bindiga mai ƙara ba harsashi, da idon da ya gada wurin mahaifinsa, idon da kan dubi ƙasa ya gaya maka abin da ya bi ta wurin da lokacin da ya bi. Shekararsa goma sha tara a bakin titin nan, ba a taɓa cewa tsuntsu ya faɗa inji a ranar aikinsa ba.

Da safiyar ranar, jirgin ya ɗebi mutum ɗari da tamanin da shida ya zabura. Hancinsa bai kai ga ɗagawa ba injin dama ya yi wata ƙara kamar an fasa dutse, ya tofar da wuta. Matuƙin ya danne birki har tayoyi biyu suka fashe. Aka ɓalle ƙofofin gaggawa, mutane suka yi ta zamewa ƙasa, wani kan wani. Ba wanda ya mutu, amma wata tsohuwa ta karye a ƙugu. Cikin ma'aikatan da suka fitar da fasinjojin akwai Auta, 'yar Maharbi ta ƙarshe.

Da Maharbi ya ratsa ta gaban rumfar gyaran jirage, masu ɗaukar kaya da direbobin tankar mai suka yi tsit, suka bi shi da ido. Bai yi nisa ba suka ci gaba, kuma ba su ko rage murya ba.

"Tsufa ne. Barci yake yi a motar nan."

"Ko 'yarsa bai tausaya wa ba."

Ya ji su sarai. Ya cije leɓe ya wuce ofishin Manaja.

* * *

Manaja ya tura masa wata leda a kan tebur. A ciki akwai gashin tsuntsu, fari da toka-toka, da busasshen jini. Gefe guda Babban Injiniya yana zaune ya harɗe hannu, mutum mai sanyin murya wanda ba ya wuce Maharbi bai gaishe shi ba.

"Baba, ka ga wannan?" in ji Manaja. "Jibi da ƙarfe tara masu bincike na hukuma za su iso. Ga takarda nan. Ka sa hannu cewa an samu sakaci a ɓangarenka, mu kuma mu sallame ka cikin mutunci, ba 'yan sanda, ba kotu."

"Ranka ya daɗe," in ji Maharbi, "minti goma da tsayawar jirgin nan na taka titin da ƙafata, tun daga farkonsa har inda tayoyi suka fashe. Tsuntsu in ya daki inji, gashi watsuwa yake yi kamar an farke matashi. Ban tsinci ko sili ɗaya ba."

"To wannan daga hulata ya fito?"

"Ban san inda ya fito ba. Na dai san inda bai fito ba."

Manaja ya buga tebur. "Jirage shida sababbi fil muka sawo, ko wata biyar ba su yi ba. Kana so ka ce min injin sabon jirgi haka kawai ya fashe? Kar na sake ganinka a bakin titi. Ka je ka yi tunani, jibi ƙarfe takwas ka zo da alƙalaminka."

Injiniya ya rako shi har bakin ƙofa, ya dafa kafaɗarsa. "Ka yi haƙuri, Baba. Kowane ɗan Adam yana kuskure. Ka sa hannu kawai, ni zan sa baki kar a wulaƙanta ka."

Maharbi ya yi masa godiya, don shi kaɗai ya gaya masa magana mai daɗi a ranar.

* * *

An hana shi titi, ba a hana shi bayan rumfa ba. Can akwai wata ƙaramar ƙofa da ke fita zuwa inda ma'aikata ke ajiye motoci, tsakaninsu fili ne na jar ƙasa. Da tsakar rana an yi ruwa, daga sha biyu da rabi zuwa ƙarfe ɗaya, daidai lokacin da makanikai suka tafi cin abinci. Ruwan ya shafe duk tsofaffin sawu, ya bar ƙasa a lailaye.

Maharbi ya tsuguna. Sawun mutum ɗaya ne kawai a kan laimar, ya shiga ya fito. Takalmin ofis ne mai sulɓin ƙasa, dunduniyar hagu ta cinye ta waje. Da zai shiga, taku ƙanana ya yi, yana tsayawa yana juyawa kamar mai waiwaye. Da zai fito kuwa ya buɗe ƙafa, saura kaɗan ya zama gudu.

Ya tura ƙofar ya shiga. Jirgin yana tsaye, an buɗe murfin injin dama. A matakalar tsanin da ke jingine da bakin injin akwai jar laka, ta fara bushewa.

"Me kake nema a nan?"

Dogo ne, tsohon makanike, shi ya ciro gashin, kuma shi ke riƙe da mabuɗin ƙofar baya. Maharbi ya miƙe, ya matsa har suna jin numfashin juna.

"Kai nake nema. Nawa ne shekarunmu tare? Yau kai za ka haƙa min rami?"

"Wane rami?"

"Ɗaga ƙafarka."

"Ka haukace ne?"

"Na ce ɗaga ƙafarka!"

Dogo ya ɗaga. Takalmin aiki ne mai haƙora kamar tayar tarakta, ya fi sawun nan girma da yatsa uku. Maharbi ya sauke ajiyar zuciya, amma bai ba shi haƙuri ba.

"Ƙofar nan kullum a buɗe take da rana," in ji Dogo, ransa a ɓace. "Kuma tunda ka zo da faɗa, bari ka ji. Da aka jawo jirgin nan da safe ni na fara leƙa injin. Na ga reshen farfela ya karye, ban ga gashi ba, ban ga jini ba. Da muka dawo daga cin abinci, Agogo ya tsare ni, wai in sake dubawa da tocila, ba zai wuce tsuntsu ba. Na hau, sai ga gashi a manne, kamar an ajiye min."

Agogo shi ne mai tsara jadawalin tashin jirage. An sa masa sunan ne don ba ya gama jimla bai kalli tsintsiyar hannunsa ba.

"Me ya hana ka faɗa wa Manaja haka?"

"Na faɗa. Ya ce idona ne ya tsufa. Mu biyu ke nan." Dogo ya laluba aljihun rigar aikinsa, ya zaro gashi uku dogaye. "Waɗannan sun maƙale min. Kai ne masanin tsuntsu, gashi nan."

* * *

Da la'asar ya isa gida. Auta tana zaune a tsakar gida an ɗaure mata gwiwar hannu, mahaifiyarta tana shafa mata magani a ƙafa. Yarinyar da ta saba tarbarsa da zolaya yau ko murmushi babu.

"Baba, ƙarya suke yi," ta ce tun kafin ya zauna. "A makaranta an koya mana, in tsuntsu ya shiga inji, ƙaurin ƙonannen nama yana shigowa cikin jirgi ta iskar da muke shaƙa. Ni ƙaurin ƙarfe na ji da na mai. Kuma mako biyu ke nan injin daman nan yana wani gurnani in za mu tashi, har ƙoƙon shayi yana rawa a kan tire. Sau biyu na faɗa wa matuƙi, ya rubuta. Aka ce sabon inji haka yake."

"Tsohuwar da ta karye fa?"

Auta ta runtse ido. "Kujeru ne suka karya ta. Jirgin nan siriri ne, hanya ɗaya ce a tsakiya, kujera uku hagu uku dama. Da aka kawo jiragen, sai aka matse kujerun aka ƙara layi biyu a baya. Mutum ya zauna gwiwarsa tana tokarin bayan na gaba. Tana jikin taga, ƙafarta ta maƙale, na bayanta suka bi ta kanta. Ni na jawo ta, Baba. Ina jin ƙashin yana ƙara a hannuna."

Mahaifiyarta ta ajiye maganin da ƙarfi. "Allah Ya isa. A cusa mutane kamar buhunan gawayi, sannan a ce laifin tsuntsu ne."

Maharbi ya fito da gashin nan uku, ya ɗaga su a hasken rana. Na tattabara ne, ba kokwanto, kuma na fiffike ne, dogayen da tsuntsu ke tashi da su. Wuta ba ta taɓa su ba. Ya juya na farko, sai ya tsaya cak. Bakin gashin ba tsini, a yanke yake ɗaf. Ya duba na biyu da na uku, duk haka. A tsakiyar kowane yanka kuma akwai ɗan tudu, irin wanda almakashi mai giɓi ke bari.

"Lafiya?" in ji matarsa.

"Tattabarar gida ce," ya ce. "In mutum ya sayi sabuwar tattabara, yakan yanke mata fiffike don kar ta koma gidansu na da. Wannan ko katangar gidan nan ba za ta iya hayewa ba. Wai ita ce ta yi karo da jirgin sama!"

Ya miƙe ya shuri bokitin da ke gabansa, ruwa ya malale a tsakar gida.

* * *

Washegari da hantsi ya iske Agogo a ɗan ofishinsa, waya a kunne ɗaya, wata wayar tana kuka a tebur. Maharbi ya ja ƙofa ya rufe, ya jingina da ita.

"Ba ni da lokaci, Baba."

"Yau za ka samu. Wa ya gaya maka akwai tsuntsu a injin nan tun kafin a gan shi?"

"Ba wanda ya gaya min. Addu'a na yi ta yi ya zama tsuntsu."

"Addu'a? A kaina?"

Agogo ya kife wayar. Idanunsa sun yi ja, leɓensa na ƙasa a kumbure. "Kai ba ka san komai ba sai balbela da hankaka. In tsuntsu ne, inji ɗaya za a sauke, sauran jirage biyar su ci gaba da tashi. In kuwa cutar injin ce, duk shidan za a zaunar, don uwa ɗaya ta haife su. Kowane jirgi tafiya shida yake yi a rana, minti talatin da biyar ne tsakanin saukarsa da tashinsa, ba mu da ko ɗaya na ko-ta-kwana. In na soke tafiya ɗaya, mutum kusan ɗari biyu ne za su tsaya a kaina. Ka ga bakina? Jiya daga sha biyu har biyu saura kwata ina gaban kanta, fasinjoji suna yayyaga min riga. Wani ya jefe ni da gorar ruwa. Je ka tambayi masu gadi."

Maharbi ya dubi ƙafarsa. Kambas ne mai zanen igiyar ruwa a ƙasa, irin na mutumin da yini yake yana gudu. Ba shi ba ne. Hakan ya ƙara masa haushi, don ya so ƙwarai a ce shi ne.

"Gurnanin da matuƙi ya rubuta fa?"

"Masu ƙera injin sun aiko da takarda tun wata biyu, wai a zura kyamara cikin kowane inji a duba farfela, don an ga tana tsagewa a wasu wurare. Aikin awa takwas ne kowane jirgi. Ina zan samo awa takwas? Na ce wa injiniyoyinmu su yi dabara. Daga baya Injiniya ya kawo takarda da sa hannunsa cewa an duba duka, lafiya lau. Ni shi ke nan nawa."

"Shi ke nan naka," in ji Maharbi. "'Yata tana ciki."

Agogo ya kalli tsintsiyar hannunsa.

* * *

Tunda maganar ta zo kan takardar Injiniya, Maharbi ya ga gara ya kai masa gashin ya gani da idonsa. A zuciyarsa ya ce, mutumin kirki ne, wataƙila wani a cikin yaransa ya cuce shi. Aka ce ya fita. Da rana ta yi sanyi ya hau motar haya ya nufi gidan Injiniya, wanda bai fi tafiyar minti goma daga filin jirgin ba.

Mahaifiyar Injiniya ce ta buɗe masa, tsohuwa mai fara'a da tabarau a kan hanci. Ta ce ɗanta bai dawo ba, ya shigo ya jira. Ta shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ta kawo ruwa.

Bai kai ruwan baki ba ya ji kukan. A kusurwar gidan akwai ɗakin tattabaru na katako, sun fi ashirin suna ta shawagi a kan rufi. Ɗaya ce kawai a ƙasa, fara da toka-toka, tana zagaye tana kuka ita kaɗai. Ta buɗe fiffike za ta bi 'yan'uwanta, ta faɗo.

"Wannan marainiyar ta hana ni sakat," in ji tsohuwar. "Biyu ya sawo su makon jiya, mace da namiji. Ya ɗauki almakashina na ɗinki ya yanke musu fiffike, almakashin ma da giɓi, na ce kar ya ƙarasa min shi. Jiya da rana ya shigo a gurguje ya fita, da yamma na ga babu namijin. Ya ce mage ce."

"Mage," in ji Maharbi.

Ya tashi kamar mai miƙe ƙafa, ya zagaya ɗakin tattabarun. Ruwan jiya ya bar ƙasar wurin da taushi. Ga sawun tattabaru rututu, ga na silifas ɗin tsohuwa. Na mage babu ko ɗaya. A bakin magudanar ruwa ga ɗigon jini a wuri ɗaya, yadda yake zuba in an danne tsuntsu an sa masa wuƙa. Kusa da shi ga sawun takalmi mai sulɓi, dunduniyar hagu ta cinye ta waje.

Ya daɗe a tsugune. Ya tuna hannun nan a kafaɗarsa, da muryar nan mai sanyi tana cewa kowane ɗan Adam yana kuskure.

Ya miƙa hannu ya cafke tattabarar a hankali, ya buɗe fiffikenta, ya zare gashi ɗaya da ya riga ya yi laƙo-laƙo. Ya sake ta.

"Ba za ka jira shi ba?" in ji tsohuwar.

"Za mu haɗu gobe, Inna. Na gode da ruwa."

Bai iya kallon fuskarta ba.

* * *

Ƙarfe takwas na safe suka hallara a ofishin Manaja: Injiniya, Agogo, da Dogo wanda aka kira ya zama shaida. Auta ta biyo mahaifinta cikin kayan aikinta, don an ce ta dawo bakin aiki a ranar. Takardar tana kan tebur, alƙalami a kanta.

"Sa hannu, Baba, mu gama kafin baƙi su iso," in ji Manaja.

Maharbi ya ture takardar gefe. Ya shimfiɗa farin hankici, ya jera gashi uku.

"Dogo, daga ina waɗannan suka fito?"

"Daga injin dama. Ni na ciro su."

"Da safe ka gan su?"

"Ban gani ba. Sai bayan cin abinci."

"Ranka ya daɗe, sa tabarau ka dubi bakinsu. Almakashi ne ya yanke su. Tsuntsun da aka yanke wa fiffike ba ya tashi. Wannan tattabara a hannu aka kawo ta, bayan ruwa ya ɗauke, ta ƙofar baya, aka hau tsani aka shafa ta a injin da ya riga ya mutu."

Manaja ya juya kan Dogo. "Kai ke da mabuɗin ƙofar nan."

"Na zarge shi kafin kai," in ji Maharbi. "Ƙafarsa ta wanke shi. Na zargi Agogo, fasinjoji ɗari da suka yaga masa riga sun wanke shi, daga wannan dai." Ya sa hannu a aljihu ya fito da gashi na huɗu, ya ajiye shi kusa da sauran. "Wannan kuma daga jikin tattabara, matar marigayin, na zaro shi jiya. Tana nan da rai tana kukan mijinta. Ku dubi giɓin. Almakashi ɗaya ne."

Injiniya ya janye ƙafafunsa ƙarƙashin kujera.

"Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as," in ji Maharbi. "Fito da ƙafar hagun, Injiniya. Ko in aika a tambayi Inna ko magen gidanku tana yawo da wuƙa?"

"Ka je gidana?" in ji Injiniya. "Ka yi magana da uwata?"

"Na je ne in nemi taimakonka! Ni wawa, na ɗauki shaidata na kai wa mai laifi. Ka dafa kafaɗata ka ce in sa hannu. Furfurar nan ka duba ka ga ita ce ta fi arha a filin nan, ko?"

Injiniya ya zabura ya miƙe, kujerar ta kife. Sanyin muryar nan ya tafi. "Sau uku na nemi awa takwas! Sau uku! Wannan ya ce jadawali ba ya ɗauka." Ya nuna Agogo, sannan ya juya kan Manaja. "Kai kuma ka ce in ba zan iya sa hannu ba, akwai injiniyoyi goma a waje da za su iya. Na sa hannu, ban zura kyamarar a ko inji ɗaya ba. Na ce sababbi ne, za su kai ƙarshen wata. Da injin ya fashe na ga ɗauri a gabana. Na ce in tsuntsu ne, ba wanda za a ɗaure, tsoho zai tafi gida ya huta."

"Sauran jirage biyar fa?" in ji Auta. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya juyo. "Jiya sun tashi. Shekaranjiya da yamma sun tashi. Da mutane a ciki. Ka san ba a duba su ba, ka tsaya fige tattabara."

Injiniya ya ja da baya. Ya zame ya zauna a ƙasa ya rufe fuska.

Manaja ya tashi ya murɗa mabuɗin ƙofa. Da ya juyo, murmushi ne a fuskarsa. "To, Baba, ka yi aiki. Ka koma bakin titinka yau, da ƙarin girma. Wannan magana ta cikin gida ce, mu za mu gyara abinmu a hankali, jirgi ɗaya bayan ɗaya. Ba ni hankicin nan. A bar kaza cikin gashinta."

"An riga an fige ta, ranka ya daɗe."

"Ka yi tunanin aikin 'yarka."

"Shi nake tunani."

Maharbi ya naɗe hankicin ya cusa a ƙirji. Manaja ya tsaya a bakin ƙofa bai matsa ba. Sai Dogo ya taso, ya ɗaga shi cak ta hammata kamar tsohuwar taya, ya ajiye shi gefe, ya buɗe ƙofar.

Ana cikin haka motar hukuma ta tsaya a ƙasa. Maharbi ya sauka da kansa, ya tare shugabar masu binciken tun ba ta gama fitowa ba, ya buɗe mata hankicin a kan murfin motar.

* * *

Kafin ƙarfe tara da rabi an ba da umarni kar jirgi ko ɗaya cikin shidan ya motsa. An tafi da Injiniya a bayan mota. Manaja da Agogo aka rufe su a ɗakuna daban-daban ana yi musu tambayoyi. Daga zauren fasinjoji ana jiyo hayaniya kamar kasuwa ta kama da wuta.

Dogo aka ba kyamarar, siririya mai tsawo kamar igiya. Ya fara da jirgi mai lamba huɗu, wanda aka riga aka loda wa kaya aka sauke. Ma'aikata suka taru a bakin rumfa, har da waɗanda suka ce Maharbi barci yake yi a mota. Wani direban tanka ya matso zai ba shi hannu, Maharbi ya kalle shi sama da ƙasa, ya kau da kai.

Rana ta take tsaka Dogo ya sauko daga tsani, gumi ya jiƙa masa riga. Ya ɗaga ɗan yatsansa manuni.

"Tsaga ce a gindin farfela, tsawon wannan. Ban ce zai kai tashi biyu ba."

A jikin bangon rumfar akwai farin allo inda ake rubuta jadawalin yini. Auta ta matsa ta sa yatsa a kan layin jirgi mai lamba huɗu. Tashin ƙarfe goma, mutum ɗari da tamanin da shida, ma'aikata huɗu. Sunanta ne na biyu a jerin.

"Baba," ta ce.

Maharbi ya zo ya tsaya a bayanta. Ya karanta layin sau biyu, leɓensa yana motsi. Sannan ya naɗe hannun rigarsa a dunƙulen hannu, ya fara goge allon tun daga sama, layi bayan layi, da ƙarfin da ya sa allon yana bugun bango. Mutum sama da arba'in suna tsaye suna kallo, ba wanda ya ce masa bari.